Filotin da Malam Ya Ce a Kawo

Birnin Tudu,
Litinin, 30 ga Satumba.

Zuwa ga Gwaggo Taibatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, da maigida, da yara, da duk mutanen Maradun. Yaya gajiya, yaya ƙarshen damina? Mu nan lafiya lau muke, sai Inna da ke fama da ciwon ƙafa, amma da sauƙi.

Na san za ki juya takardar nan kina tambayar wace ce. Ni ce Zuhura, ɗiyar Ishaku, ɗan ƙanen babanki. An ce rabonki da ni tun ranar sunana, yau shekara goma sha bakwai. Yanzu ina aji biyar na sakandare a Bakura.

Gwaggo, wallahi murna ta cika ni! Malam Lukman, malaminmu na Turanci, ya ce za a yi gasar wasan kwaikwayo da Turanci a Talata Mafara cikin Disamba, tsakanin makarantun Mafara da Bakura da Maradun. Kowa a ajinmu zai rubuta gajeren wasa. Guda ɗaya tak za a zaɓa, a yi shi a gaban jama'a, a kira sunan wanda ya rubuta da lasifika. Ranar takwas ga Nuwamba za a karɓi aikin farko. Ina son sunana za a kira, Gwaggo. Tun da aka faɗa ko tuwo ba na jin ɗanɗanonsa.

Matsalar ita ce Turancina. Labari kam ina da shi cike da kai, amma da na ɗora biro sai kalmomin su watse. Inna ce ta raɗa mini cewa shekara talatin kika yi kina koyar da Turanci, kuma duk danginmu babu kamarki. Baba bai san na rubuto ba, don ba a ambaton sunanki a gidanmu, ni kuma ban san dalili ba. Ɗantani direba ya ce ya san gidanki, zai riƙa kai mini yana kawowa.

Ga wani rubutu da na yi a kan danginmu, ki duba ki ga inda nake. Don Allah kada ki yi mini dariya da yawa.

Taki,
Zuhura Ishaku.

Maradun,
Alhamis, 3 ga Oktoba.

Zuhura ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah, lafiya lau muke, sai idona da ya fara neman hutu. Ki gaishe da Innarki, ki ce ta riƙa gasa ƙafar da ruwan ɗumi.

Kin ce kada in yi dariya da yawa. Na yi ƙoƙari, amma da na iso inda kika rubuta “we drank sun in the farm” sai da na ajiye tabarau. Yarinya, Bature ba ya shan rana. Ba ya shan wahala, ba ya shan iska, ba ya shan duka. Ruwa da shayi kawai yake sha. Duk inda kika ji bakinki ya ce “sha”, ki tsaya ki tambayi kanki ko abin yana shiga kofi.

Na biyu, “my father he is a farmer”. Mu ne muke cewa “Baba ya tafi”, mu kira mutum mu kuma bi shi da “ya”. A Turanci in kin ambaci suna, ya isa. Ki cire “he” ɗin nan duk inda na ja masa jan biro, wuri goma sha ɗaya ne, na ƙirga.

Amma ki saurara. Inda kika kwatanta yadda tsuntsaye ke sauka kan shinkafa, Innarki na buga tsohuwar langa tana zaginsu da sunansu, nan na san akwai marubuciya a gidan. Nahawu kowa ana koya masa. Wannan idon kuwa ba a aji ake rabawa ba.

Akwai layi ɗaya da na bari ban taɓa ba: “Taibatu was my father's sister.” Kin san “was” ana sa shi ne ga abin da ya wuce ya ƙare, “is” kuma ga abin da ke nan har yanzu. Ban san ko kuskure kika yi ba, ko haka kika ji a gida. Ko ma yaya ne, nahawun layin daidai yake, na bar shi.

Ki turo mini duk abin da aka ba ku. Na yi shekara uku da ritaya, jan birona har ya fara bushewa. Za mu kai sunan nan Mafara in Allah ya yarda.

Gwaggonki,
Taibatu.

Birnin Tudu,
Litinin, 14 ga Oktoba.

Gwaggo,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa, ina fatan idon da sauƙi. Zazzaɓi ya kwantar da ni mako guda, ko makaranta ban leƙa ba, amma na miƙe. Takardarki na karanta ta fiye da sau goma, na cire “he” duka!

Ɗantani na bakin titi yana ta matsa hon, don haka a gurguje. An ce in kawo bayanin filoti a rubuce, shafi ɗaya. An ce in faɗi inda ya fara, da inda ya ƙare, da su wa ke ciki, da abin da ake rigima a kai. Na tambayi Inna, ta ce filoti ɗaya ne danginmu ke da shi, na Mafara, kuma takardarsa na hannunki. Don Allah ki turo mini komai da komai a kansa, har da kwafin takardar in zai samu. An ce wanda bai kawo ba kafin takwas ga Nuwamba, za a wuce da maganar ba shi.

Taki,
Zuhura.

Birnin Tudu,
Litinin, 28 ga Oktoba.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Mu muna lafiya, an fara yankan shinkafa.

Talata biyu ke nan ina tare Ɗantani a hanya, yana buɗe mini hannuwa babu komai. Ya rantse ya miƙa miki takardata hannu da hannu, ya ce kin karanta a tsaye a zaure kika juya ciki ba ki ko ce ya gaida gida ba. In idon ne ya tashi, Allah ya ba da lafiya. In kuma wani abu na yi, ki faɗa mini. Saura kwana goma sha ɗaya, Gwaggo, kuma har yau shafina fari fat.

Taki,
Zuhura.

Maradun,
Laraba, 30 ga Oktoba.

Zuhura,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, idona ma ras yake gani. Shi ya sa na ga abin da ke bayan takardarki.

“An ce”, “an ce”, “an ce”. Wa ya ce? Ki faɗa wa mai cewar, in yana da magana da ni a kan filotin kakanmu Hayatu, ya san hanyar Maradun, kwalta ce. Ba sai ya ɓuya bayan yarinya da wasan kwaikwayo ba. Har da ba ni wa'adi! Za a wuce da maganar ba ni? A wuce mana, in gani.

Tun da an sa ki tambaya, bari in ba ki amsa. Filotin ya fara daga bakin hanya ya ƙare a gindin magarya. Waɗanda ke ciki awaki ne da juji. Rigimar kuwa ita ce, ni na ce a yi ajujuwa biyu a wurin don 'yan matan dangi su riƙa karatu, babanki ya ce rumbun ajiyar shinkafa za a yi. Ranar sunanki, a gaban mata cike da tsakar gida, ya dube ni ya ce boko ya ɗauke mini hankali, daga ranar ba shi da 'yar'uwa mai suna Taibatu. Na ajiye ki a cinyar Innarki na ɗauki mayafina.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Na yi zaton ke kika neme ni. Har sabon jan biro na aika aka sayo.

Taibatu.

Birnin Tudu,
Juma'a, 1 ga Nuwamba.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Lafiyar jiki kam akwai, amma na yi kuka har kaina na sarawa.

Wallahi tallahi ba Baba ba ne! Malam Lukman ne ya ce! Ranar da ya ba da aikin ina kwance da zazzaɓi. Ƙawata Salma ce ta zo duba ni ta ce Malam ya ce kowa ya kawo filoti, shafi ɗaya, farko da ƙarshe da mutanen ciki da rigima. Sai na ɗauka wurin da za a yi wasan ake so a kwatanta, kuma dole ya zama fili na gaske. Na ji kunyar komawa in tambayi Malam, kada ya ce mai neman ta ci gasa ba ta san aikin ba. Sauri ne ya sa na yi ta “an ce”. Ga shafin littafin Salma na yago da izininta, ki ga abin da ta kwafa daga allo da idonki.

Kuma asiri ya tonu. Baba ya shigo ya tarar da ni ina kuka da takardarki a hannu. Ya karɓa ya karanta. Sai ya ce, “Mi kir rubuta mata?” Na faɗa mishi. Ya ce, “Wa ya aike ki? Wanga filoti shekara goma sha bakwai ban ambace shi ba, ke kin ambata mini shi da biro guda!” Na ce aikin makaranta ne. Ya ce, “To wane irin malami na wanga, da ka aza ma yara neman filotin mutane?” Ya fita da takardar a aljihu, har yanzu bai maido ba.

Gwaggo, ni na neme ki, ba wani ba. Ko an cire ni daga gasar, ina son ki san wannan. Amma kuma ba na son a cire ni. Saura mako guda.

Taki,
Zuhura.

Maradun,
Lahadi, 3 ga Nuwamba.

Zuhura ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau, sai ciwon haƙarƙari, kuma ke kika jawo mini shi. Na buɗe shafin Salma na ga kalmar da haruffanta huɗu, P, L, O, T, na zauna daɓas a kan tabarma. Na yi dariya har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga. Daga baya kuma kunya ta rufe ni. Shekara talatin ina rubuta kalmar nan a allo, amma ranar da ta zo mini da rigar Hausa ban gane ta ba. Ki yafe mini, ɗiyata. Tsohon ciwo ne ya karanta takardarki, ba ni ba.

To buɗe kunnenki, lokaci ya ƙure. Kalmar ɗaya ce, aikinta biyu. A wajen masu awon ƙasa, fili ce, ita muka ara muka ce filoti. A wajen masu adabi kuwa, zubin labari ce, wato yadda abubuwa ke bin juna, wannan ya jawo wancan. In kin ce an yi ruwa, sannan akuya ta ɓata, ba ki yi komai ba, labari biyu kika jera. In kin ce an yi ruwa, katanga ta faɗi, akuya ta fita ta cinye shukar maƙwabci, to kin yi. Abin da Malam ke so ke nan. Wa ke son wani abu? Me ya tare shi? Ina abin ya fi zafi? Yaya ya warware?

Wurin da abin ya faru, wanda kika so kwatantawa, shi ake kira “setting”. Mutanen ciki kuma “characters”. Ki rubuta shafin da “is” da “goes” da “says”, kamar yanzu abin ke faruwa, haka ake ba da zubin wasa. Kada ki gauraya da “was”. Gajerun jimloli. Kada ki nemo manyan kalmomi daga ƙamus don burge Malam, za su zauna miki kamar takalmin aro.

Ba lokacin da za ki turo in gyara kafin Juma'a. Ki zauna yau ɗin nan, ki ɗauki labarin da ya fi cin ranki, ki rubuta. Na yarda da ke. Maza!

Gwaggonki,
Taibatu.

Birnin Tudu,
Litinin, 11 ga Nuwamba.

Gwaggo! Gwaggo!

Assalamu alaikum, lafiya lau, Inna na gaisuwa, ƙafa ta yi sauƙi, an gama yankan shinkafa. Albishirinki!

Cikin mu arba'in da biyu, biyu Malam ya ware, nawa da na Zaharaddini. Da ya karanta nawa a gaban aji, ya iso inda yarinya ta rubuta wa gwaggonta tana neman filoti, ajin ya kece da dariya har shugabar makaranta ta leƙo. Eh, Gwaggo, labarinmu na rubuta. Kin ce wanda ya fi cin raina, shi ne kuwa. Na canza sunaye da gari, ba wanda zai gane. Na sa masa suna da kalmar nan mai haruffa huɗu. Ga kwafinsa na saka miki a ambulan. Da na miƙa aikin sai Salma ta ce ita ma gonar kawunta ta kwatanta, har da rijiya. Mutum tara ne a ajin suka kawo filaye!

Amma akwai saura. Malam ya ce nawa ya fi daɗi, na Zaharaddini ya fi cika, don nasa yana da ƙarshe, nawa babu. Na tsaya ne inda gwaggon ta gane kuskure ta yi dariya. Malam ya ce wannan ya warware rigimar kalma, bai warware rigimar gidan ba, kuma alƙalan Mafara za su tambayi yadda aka ƙare da ɗan'uwan. Ya ba ni zuwa Litinin mai zuwa. In ban kawo ƙarshe ba, na Zaharaddini za a kai. Na gwada ƙirƙirowa sau uku. Na sa gobara, na sa mafarki, na sa wani dattijo ya zo ya yi wa'azi. Duk ƙarya suke wari.

Jiya da la'asar Baba na ɗinkin buhuna a ƙofar gida, ya ce in karanta mishi abin da ya sa ake ta yi mishi barka a masallaci. Na karanta ina mayar mishi da Hausa. Bai ɗago kai ba har na gama. Sai ya ce, “Kin yi kure wuri guda. Kin ce filoti suka yi ma faɗa. Ba filoti na ba. Magana ta, kuma ni niy yi ta.” Sannan ya ce in na gama takardarki in bar mishi wuri a ƙasa. Ban san abin da zai rubuta ba, ya ce kada in karanta, shi zai liƙe ambulan da kansa.

Gwaggo, ke kika koya mini a tambayi yadda abu ya warware. To yaya ya warware? Sunana na nan rataye a kan amsarki.

Taki,
Zuhura.

Yaya Taibatu, sallama. Ni ne Ishaku. Takardarki na aljihuna kwana goma. Abin da na faɗa ranar suna, na faɗa, ban manta ba, kuma ban kyauta ba. Ban gina rumbu ba don ban iya zuwa wurin. Yarinyar nan da ta sami ajin da kika so yi, da ba ta sha wannan wahala ba. Ki yi haƙuri. Ki gaida maigida.

Maradun,
Laraba, 13 ga Nuwamba.

Zuhura ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Idona yau ruwa yake yi, kada ki ce ciwo ne.

Ja'ira! Na ce ki ɗauki labarin da ya fi cin ranki, ban ce ki kwashe tsummokaran gidanmu ki kai kasuwar Mafara ba. Amma na karanta kwafin da kika saka, kuskure huɗu kacal, ba kuma wanda ya sha rana. Na yi alfahari da ke, na faɗa wa duk wanda ya shigo gidan nan, har mai tallan manja.

Kin yi daidai da kika yar da gobarar da mafarkin. Ƙarshe mai kyau daga cikin mutanen wasan yake fitowa, ba a jefo shi daga sama. Ga naki. Ɗan'uwan ya rubuta layi shida a ƙasan takardar ɗiyarsa, da rubutunsa irin na tafiyar kaza, wanda bai gyaru ba tun muna firamare. Gwaggon ta karanta. Ta buɗe akwati ta ciro takardar filotin da ta yi shekara goma sha bakwai a ƙarƙashin zannuwa. A fitowa ta ƙarshe, su biyun suna tsaye gindin magarya, suna korar awaki, suna gardamar inda ƙofar aji za ta kalla. Kada ki sa su rungumi juna suna dogon jawabi, mu ba haka muke yi ba. Ki bar su suna gardama, masu kallo za su gane.

Ki rubuta shi yau, ki kai wa Malam tun kafin Litinin. Ki faɗa wa babanki ranar Talata mai zuwa ina Mafara da hantsi, a gindin magaryar, ya zo da igiyar awo. Ki ce mishi wurin zai ɗauki aji biyu da rumbu ɗaya, tun da can ma zai ɗauka, taurin kai ne ya cika shi. Ke ma ki biyo shi in an tashi makaranta, in ga fuskar da na bari tana da kwana bakwai. Ranar gasa kuwa a layin gaba zan zauna, in ji yadda lasifika ke faɗin sunanki.

Saura gyara ɗaya. Ki ɗauko rubutunki na farko, wanda na mayar miki, ki nemo layin da na ce na bari. Na sake dubawa, ashe akwai kuskure. Ga sabon jan birona na saka miki a ambulan. Ki ba babanki ya soke “was” da hannunsa, ke kuma ki nuna mishi yadda ake rubuta “is”.

Gwaggonki,
Taibatu.